Ƙofar Sansanin Keta: Inda Sojan Hausa Suka Yi Gadi, Ciniki Ya Gudu Lome

Duk ɗan kasuwar da ke tsallaka kan iyakar Aflao tsakanin Gana da Togo ya san dogon layi da binciken kwastan. Amma ba kowa ya san cewa tushen wannan iyaka yana da alaƙa da ƙofar wani tsohon sansanin soja da ke garin Keta ba, tafiyar kimanin awa guda a mota daga Aflao.

Turawan Danmak ne suka gina sansanin, mai suna Prinzenstein, a shekarar 1784 bayan sun ci mutanen Anlo da yaƙi. Da yake Keta rairayi ce tsakanin teku da tafki, sai daga Akra aka yi ta ɗauko duwatsun ginin. A nan aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa.

A irin waɗannan gine-gine na bakin teku, ƙofa ita ce komai. Bango ne mai kauri da igwa a kansa, ɗakin masu gadi kuma a gefen mashiga, ta yadda ba mai shiga ko fita, ko mutum ko kaya, sai idon soja ya gan shi. A Elmina ma har rami aka haƙa a gaban ƙofa, aka sa gada mai ɗagawa. Wanda ya riƙe ƙofa, shi ya riƙe ciniki.

A shekarar 1850 Danmak ta sayar wa Ingila dukan sansanoninta na Gwalkwas a kan fam 10,000. Bayan yaƙin 1874 Ingila ta kafa mulkinta sosai a Keta, ta girke dakarun da ake kira sojan Hausa a sansanin. Asalin rundunar daga Legas ne, inda Kyaftin John Glover ya fara ɗaukar su a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Ashe ke nan 'ya'yan bayi ne suka dawo gadin gidan da aka tsare bayi.

Babban aikinsu shi ne mara wa kwastan baya, domin Ingila ta ɗora haraji mai nauyi a kan barasa da taba da ake saukewa daga jiragen ruwa. To, ɗan kasuwa kamar ruwa yake, inda ya ga gangara nan yake bi. Sai masu kaya suka koma saukewa a Denu, wajen ikon Ingila, a shigo da shi ta fasa-ƙwauri. A 1879 Ingila ta haɗe Denu da Aflao, su kuma suka ƙara matsawa gabas zuwa wani wuri da ake kira Lome. Tun daga 1880 kasuwa ta buɗe a can, fataken Hausa suka bi sawu suka kafa zango. Jamus ta kama yankin a 1884, ta mai da Lome hedkwatar Togo a 1897. Shi ya sa yau iyaka take a bakin birnin.

Daga baya sansanin ya zama kurkuku. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, amma a 1980 teku ta cinye wani babban sashe nasa. Abin da ya rage yana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta Gana, ana kuma karɓar baƙi.

Darasin bai tsufa ba: haraji in ya yi nauyi, ba ya hana ciniki, sauya masa hanya yake yi. Ɗan kasuwar da ya je sarin kifi ko gishiri a Keta, ya daure ya leƙa wurin tun ginin yana tsaye, domin akwai tarihin kakanninsa a bakin wannan ƙofa.