Gyaran Ƙofar Gida Irin Na Zamani

Yau zancenmu a kan ƙofar gida ne, watau filin nan da ke tsakanin zaure da shigifa, da kuma ɗan abin da ya rage a gaban zaure. Shi baƙo yake fara gani, kuma da shi yake auna matar gida tun bai ji muryarta ba.

Da hutun makaranta na je Baturiya, cikin ƙasar Kirikasamma, wurin gwaggona. Na tarar ɗanta ya dawo daga Kano da sha'awar irin gidajen da ya gani a can. Ya sare tsohuwar darbejiyar da ke bakin zaure, ya malale wurin da siminti, ya bar wani ɗan gefe ya dasa ciyawar Turawa. Da bazara ta yi, simintin ya ɗau zafi har yaro ba ya iya takawa ba takalmi, ciyawa kuwa ta ƙone. Da damina ta sauka, ruwa ya rasa inda zai nutse, sai ya taru a gindin katanga. Kafin kaka katangar ta tsage. Gwaggo ta ce mini, "'Yar nan, in wannan ne zamanin naku, ku riƙe abinku." Na ce, "Gwaggo, ba laifin zamani ba ne. An ɗauko rigar wani ne aka sa ba a gwada ba."

To, mene ne gyara irin na zamani? Shi ne a zauna a yi tsari tun ba a ɗaga fartanya ba, a san hanyar ruwa da wurin inuwa da wurin zama, a rage tarkace, kowane abu ya sami mazauninsa. Kuɗi kaɗan yake ci. Tunani ne yake ci da yawa.

Mu fara da ruwa, gama mu mutanen fadama ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sāke, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ba wadda ta manta ambaliyar 2022 da gidajen ƙasa da ta rusa a wannan yanki. Babbar ambaliya ta fi ƙarfin matar gida, amma ruwan sama na yau da kullum wanda ke cin gindin bango bai fi ƙarfinta ba. A yi ciko da ƙasa a jikin katanga, a daddaɓe, ya zama ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje, kamar inci 6 cikin ƙafa 10 na farko. A ƙarƙashin indararo a jera gutsattsarin bulo ko fasassun tukwane, don kada ruwa ya haƙa rami. Ranar da aka yi ruwa mai yawa, ki leƙa ki ga inda ya kwanta, ki sa yaro ya kafa tsinke a wurin, washegari a cike shi. Ku tuna, a lokacin zafi sauro ba ya bukatar fiye da kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai ya zama mai cizo. Ɗan kududdufin bakin rariya da kike rainawa, shi ne mafarin zazzaɓin ɗanki.

Ruwan wanke-wanke kuwa kada a sake shi ya bi titi. A ja masa hanya zuwa wani lungu nesa da bango, a dasa ayaba ko rake a wurin su shanye shi. Ƙazanta ta tafi, ga kuma abin taɓawa.

Na biyu, inuwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan wuce digiri 40, ranar yamma kuwa ita ce ke gasa ɗaki har dare. Saboda haka babban itace a yammacin gida ya kamata ya tsaya. Darbejiya ta fi sauƙi, ba ta jin fari, tana kuma saurin girma. Asalinta daga ƙasar Hindu ne, a Barno aka fara dasa ta a 1928, ga shi yau ta zama 'yar gida. Amma saiwarta na da yawo, sai a ba ta taku 8 ko fiye daga bango da rijiya. Mai son 'ya'ya ta dasa mangwaro ko lemun tsami. Itace ɗaya mai lafiya ya fi biyar a cunkushe.

Ki duba irin ƙasarki tukuna. In jigawa ce, ruwa ba ya zama, sai a cika ramin da taki sosai. In laka ce irin ta fadama, sai a tara tudu a yi dashe a kansa, musamman zogale da gwanda, don ba su jure kwanciyar ruwa. Rami ya kai ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi. A yi dashe cikin Yuli sa'ad da ƙasa ta jiƙa, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Da rani ki binne tulu kusa da gindin, bakinsa a waje, ki cika shi da ruwa ki rufe. Zai riƙa tsatsafowa sannu a hankali, ki huta da ban ruwa kullum.

Na uku, ado. Maimakon tsohon darni da gara ta cinye, a yi shinge da lalle. Yana jure fari, furensa na da ƙanshi, ganyensa kuwa kun fi ni sanin amfaninsa. In ana aske kansa daidai, zai yi kyau kamar shingen gidan gwamna. Zogale a jera shi layi guda a gefe, ga ado ga miya. Amma a kiyayi zaƙami da bini-da-zugu a inda yara ke wasa, 'ya'yansu dafi ne. Tumfafiya ma a tumɓuke ta, nononta na ɓata ido.

Siminti ba abin ƙi ba ne, a dai yi shi a inda ya dace. A yi siririyar hanya daga zaure zuwa shigifa don kada a taka taɓo, a yi dakali a gindin itace, sauran fili a zuba yashi a riƙa share shi. Turken dabbobi da juji su koma baya, nesa da rijiya.

Na san wata za ta ce, ƙofar gida ai ta maigida ce. Gaskiya ne. Amma in kin bari ya ci abinci ya huta, kika nuna masa kuɗin gyaran katanga da na maganin zazzaɓi, kika gwada masa abin da dashe zai ci, da wuya ya ƙi. Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku auna filin da taku, ku zana shi a takarda, ku sa alamar gabas da yamma da hanyar ruwa, ku kai wa iyayenku.

A shekarar 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar na dausayoyin da duniya ke ji da su. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinsa saboda ruwa da itatuwansa. Abin kunya ne a ce garin da ke da wannan suna, ƙofar gidajensa fayau ba ko inuwa.

Gwaggo dai an fasa rabin simintin, an yi ciko, an dasa darbejiya a yamma. Ba ta kai a zauna a gindinta ba tukuna, amma kullum da safe ita da kanta take cika tulun. Wadda ta gwada a gidanta, ta rubuto mana yadda ta ƙare.