Karen da ke Tashin Soja daga Mugun Mafarki

Daga Wakilinmu

A watan Janairu na shekarar 2018, wata mata ta isa filin jirgin sama na Newark a ƙasar Amurka ɗauke da dawisu, ta ce shi ne mai kwantar mata da hankali, saboda haka tare za su hau jirgi. Kamfanin United ya ƙi amincewa. Labari ya bazu, jama'a suka sha dariya. Amma a ƙarƙashin dariyar akwai magana mai nauyi, wadda ta shafi mutanen da ke fama da larurar ƙwaƙwalwa, irin ciwon da ido ba ya gani.

Neman sauƙin wannan larura ta wurin dabbobi ba sabon abu ba ne. Tun a 1796 William Tuke ya buɗe wani gidan jinyar masu taɓin hankali a York ta Ingila, inda aka daina ɗaure majinyata da mari, aka kuma sa musu zomaye da kaji a tsakar gida domin su riƙa kula da su. A 1962 kuma Boris Levinson, masanin halayyar yara a New York, ya wallafa bayanin abin da ya gani, watau yadda yaron da ya ƙi yi wa kowa magana ya saki jiki da karensa mai suna Jingles, har daga bisani ya saki jiki da shi kansa.

To, ya kamata mai karatu ya sani dabbobin nan iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen rigimar. Iri na farko shi ne kare mai aiki, wanda akan shafe har shekara biyu ana hora shi a kan wani aiki takamaimai. Yakan tashi tsohon soja idan mugun mafarki ya kama shi, ko ya kwanta a cinyarsa sa'ad da firgita ta taso, ko ya tuna masa lokacin shan magani. Iri na biyu ita ce dabbar ɗebe kewa, wadda ba a koya mata komai ba. Zamanta kusa da mai ita shi ne amfaninta, ko kyanwa ce ko zomo.

Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, bisa ƙa'idojin da aka sabunta a 2010, iri na farko kaɗai ta ba izinin shiga kanti da ofis da gidan abinci. Tambaya biyu aka yarda ma'aikaci ya yi: shin saboda naƙasa ake tafe da karen, kuma wane aiki aka koya masa. Ba shi da ikon neman takardar likita, ko tambayar irin ciwon mutum.

A jirgin sama kuwa, da can duka biyun suna shiga kyauta. Da mutane suka gane haka, sai cinikin takardun shaida ya buɗe a intanet, fasinjoji suka riƙa zuwa da alade da agwagwa da talotalo. Wasu dabbobin suka yi cizo, wasu suka ɓata wuri. A Disamban 2020 Ma'aikatar Sufuri ta yanke hukunci cewa ba tilas ba ne kamfanoni su ɗauki dabbar ɗebe kewa, sai dai kare mai horo. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma masu larurar gaskiya su ne suka fi shan wuyar zargi.

Shin karnukan suna da amfani kuwa? A 2021 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin gwaji na shekara biyar, inda tsofaffin sojoji masu ciwon firgita ke shiga aikin horar da karnuka. Wani bincike da mujallar JAMA Network Open ta buga a 2024 ya duba tsofaffin sojoji 156. An ba 81 kare, 75 suna jira. Bayan wata uku, waɗanda suka samu kare sun fi samun sauƙin firgita da baƙin ciki. Amma dukansu ba a raba su da likitocinsu ba.

A nan ne darasin yake. Kare na iya tashin mutum daga mafarki, ya tilasta masa fita yawo da safe, ya hana shi zaman kaɗaici. Gano ciwo da rubuta magani kuwa aikin likita ne. Wanda ya riƙi dabba a madadin asibiti ya cuci kansa, wanda kuma ya yi ƙaryar ciwo don kyanwarsa ta hau jirgi ya cuci mai ciwon gaskiya.