Kada a Gajarta Bakin Bindiga: Abin da Doka Ta Ce

Mutane da yawa a Nassarawa ta Kano, 'yan kasuwa da ma'aikata, suna da gonaki da garken shanu a bayan gari. Waɗansunsu suna da bindiga mai baki ɗaya ko mai baki biyu, ta korar birai da harbin zabin daji. To, da ɓarayi suka yawaita, sai wani ya ga gara ya kai wa maƙeri ya rage mata tsawo, don ta yi daɗin ɗauka a cikin ɗaki. Kafin mutum ya yi haka, ya kamata ya san inda zai jefa kansa.

Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta fara aiki a 1959, ta kuwa kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, watau irin na soja da ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu bindigogin farauta, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita sha'aninta na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne, na Kano kuwa ofishinsa yana Bompai. Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, ko wadda aka yi wa wata na'ura ta ɗuri, ba ta cikin kashi na biyu. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin.

Game da gajartawa kuwa, doka ta faɗa a fili: ba a yarda kowa ya rage bakin irin wannan bindiga ya kasa inci 20 ba. Wanda ya yanke da wanda aka same ta a hannunsa duk sun yi laifi, ana iya ɗaure mutum har shekara 5, ko da yana da lasin. Gyara ma ba kowane maƙeri ke da ikon yi ba, sai wanda hukuma ta ba takardar izini. Ba mu kaɗai ke da wannan doka ba: a Ingila iyakar inci 24 ce, a Amurka 18. Dalili shi ne, gajerar bindiga tana ɓoyuwa cikin riga, don haka 'yan fashi suka fi sonta.

Ko ba don doka ba, yankan hasara ne. A ƙarshen bakin bindigar farauta akwai 'yar matsewa, ita ce ke tattara ƙwayoyin dalma su tafi tare. In an yanke ta, sai ƙwayoyin su watse, harbin nesa ya lalace, ƙara ta ƙaru. Ta daina amfani a gona ke nan. A gida kuwa, cikin duhu, ƙwayar dalma ba ta san ɓarawo ba, ba ta san ɗan masu gida ba, tana kuma iya keta ƙofar katako. Haka nan wanda aka sassauta wa kunamar bindiga, tana iya tashi da kanta in ta faɗi. Mai bindigar toka shi ma kada ya kuskura ya zuba mata garin harsashin zamani. Ƙarfinsa ya fi na albarushi, bututun zai fashe a hannunsa.

Saura maganar tsaron kai. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta yarda mutum ya kāre ransa da dukiyarsa, amma da sharaɗi: kada ya yi ɓarnar da ta wuce bukata, kuma babu wannan dama in akwai sararin neman taimakon hukuma. Wanda ya harbi ɓarawon da ya riga ya ba da baya yana gudu, zai sha tambaya gaban alƙali, balle in bindigar yankakkiya ce.

Saboda haka mai bindiga ya bar ta yadda aka ƙera ta. Ya riƙa sabunta lasinsa, ya ajiye ta babu harsashi a ciki, a kulle, harsashi kuma a wani wuri dabam inda yara ba za su kai ba. Kafin harbi ya leƙa bututun, don laka ko gidan zanzaro na iya fasa shi. In ta ɓace ko an sace, ya sanar da 'yan sanda nan da nan. Tsaron gida kuwa daga katanga yake farawa, da ƙofa mai ƙarfi, da fitila, da kare, da maƙwabta masu jin kiran juna. Rigakafi, an ce, ya fi magani.