Dabarun Judo da Hikimar Tace Su

Lokacin da Jigoro Kano ya kafa makarantar judo ta Kodokan a birnin Tokyo a 1882, ya ɗauko dabarun jujutsu, tsohon salon faɗan Japan da aka tsara domin raunata abokin gaba, sannan ya tace su, ya fifita waɗanda za a iya yi da cikakken ƙarfi ba tare da an nakasa kowa ba. Wannan tacewa ce ta raba dabarun gida uku: nage-waza, wato kayarwa, da katame-waza, wato riƙewa da dannewa, da kuma atemi-waza, wato naushi da shuri, wanda aka hana a gasa, aka bar shi cikin kata, atisayen da mutum biyu suka san kowane motsinsa tun kafin su fara.

Kayarwa ita ce ta fi yalwa, domin Kodokan ta amince da iri 68, amma dukkansu sun dogara ga kuzushi, wato gusar da tsayuwar abokin karawa kafin a yi yunƙurin ɗaga shi. A dabarar osoto-gari, alal misali, ɗan wasa yakan riƙe wuyan riga da hannunta, ya tura abokin karawa har nauyinsa ya taru a kan diddige ɗaya, sai ya share wannan ƙafar ta baya, kuma wanda ya yi gaggawar sharewa kafin nauyin ya taru, sau da yawa shi ne ke shan ƙasa. Akwai masu kayarwa da kwankwaso ko kafaɗa, akwai kuma sutemi-waza, inda mutum ke faɗuwa da gangan domin ya wurga abokinsa, kamar yadda ake yi a tomoe-nage.

Saɓanin kokawar gargajiya, wadda faɗuwa ke ƙare ta, a judo fafatawa na ci gaba a ƙasa idan kayen bai kai ippon ba, wato cikakkiyar nasara. A nan ana cin nasara da danne mutum a bayansa na daƙiƙa 20, ko da shaƙewa, ko da lanƙwasa gwiwar hannu, wadda ita kaɗai ce gaɓar da doka ta yarda a murɗa, har sai ya bubbuga tabarma alamar sallamawa. Tacewar kuwa ba ta tsaya a zamanin Kano ba, domin an haramta kani-basami, dabarar datse ƙafafu kamar almakashi, bayan ta karya ƙafar ɗan wasan judo Yasuhiro Yamashita a 1980.