Ranar Da Rijiyar Gida Ta Ɓaci

A wata damina, ina yaro, zakaran maƙwabtanmu ya faɗa rijiyar gidanmu da daddare. Ba wanda ya sani sai bayan kwana biyu, da kakarmu ta kurɓi ruwan alwala ta tofar. Kafin hantsi an taru a bakin rijiya, wani yayanmu har ya tuɓe riga ya ɗaura igiyar guga a ƙugu. Ana cikin haka dattijon da aka aika a kira, mai yasar rijiya, ya iso ya daka masa tsawa: "Kai yaro, ja da baya! Zakara ya riga ya tafi, bin sa za ka yi?" Ya sa aka kawo fitilar ƙwai, ya kunna, ya zura ta a hankali. Ba ta kai ga ruwa ba ta mutu.

Abin da ya kashe fitilar nan shi ke kashe mutane. Iskar da muke shaƙa a sarari, kashi 21 cikin 100 nata iskar oksijin ce. A ƙasan rijiya mai zurfi, musamman wadda ta daɗe a rufe ko wani abu ya ruɓe a ciki, iskar kabon dayoksaid mai nauyi kan kwanta ta kore mai kyau. Wani lokaci kuma akwai wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake. Mutum zai sauka lafiya, ya sunkuya, jiri ya ɗebe shi, ko ihu ba zai samu yi ba. Na sama ya ga shiru ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Wannan ne ya sa labarin da ma'aikatan kashe gobara kan bayar yakan zo da gawa biyu ko uku daga rijiya guda, galibi 'yan gida ɗaya. A wajen ta'aziyya za ka ji ana cewa rijiyar tana da aljanu. Ni dai ban isa in yi musu a kan gaibu ba, amma aljanin da fitila ke tona masa asiri, a kira shi da sunansa.

Sai dai fitilar ma tana da iyaka. Ba ta nuna hayaƙin janareta ko na injin ban-ruwa, wanda gubarsa ba ta da wari ba ta da launi. Kuskuren da ya yawaita yanzu shi ne a sauke injin fetur cikin rijiya, ko a girke shi dab da baki, don a zuƙe ruwa da sauri alhali akwai mutum a ƙasa. Inji ya tsaya can nesa, inda iska ke kaɗa hayaƙin gaba, tiyo kawai ya sauka. Idan rijiyar tana da samo, wato famfon lantarki na cikin ruwa, a cire wuta daga tushe kafin kowa ya taɓa ruwa. Idan kuma shiga ta zama dole, aikin mai sana'a ne: a buɗe rijiya ta sha iska, a yi ta zura buɗaɗɗiyar lema ko rassan ganye ana jawowa don a motsa ta ƙasa, a ɗaure mai shiga da igiya ta dabam ta ƙarƙashin hammata, maza biyu ko uku na riƙe da ita suna yi masa magana. Ya yi shiru, a jawo shi. Wanda ya riga ya suma a ciki, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar 112, kada a ƙara musu aiki.

Mafi yawan abin da ke faɗawa rijiya ma ba ya buƙatar shiga. Guga, bokiti, kaza, ɓera, duk ƙugiya da kwando na fitar da su. Da su dattijon nan ya ɗauko zakaran.

Fitar da mushe kuwa somin-taɓi ne. A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Mun karanta a littattafan fiƙihu cewa ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙamshi, kuma idan dabba ta mutu a rijiya ana kwashe wani adadi. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan daram. Amma ƙwayar kwalara ba ta canza ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa zai iya zama garau kamar hawaye, yana ɗauke da amai da gudawa. A shekarar 2021 cibiyar daƙile cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, ba a yi wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar cutar. Ambaliya kan cika salga ta tumbatsa, ruwan ya bi tsakar gida ya zuba a rijiya. Duk rijiyar da ruwan ambaliya ya hau bakinta, a ɗauke ta a gurɓatacciya, a daina sha nan take, a koma tafasa ruwa har a gyara.

Gyaran kansa ba shi da tsada. A kwashe ruwan da laka gwargwadon iko, a bari ta sake tsattsafowa ruwan ya kwanta, domin kulorin da za a zuba ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa. Daga nan a yi lissafi. Rijiya mai faɗin mita 1, kowace mita ta zurfin ruwa tana ɗauke da kusan lita 785. Ga kowace lita 1,000, ana buƙatar kimanin lita ɗaya da rabi na bilic irin su Hypo ko Jik mai ƙarfin kashi 3.5, wanda ba a sa wa turare ko sabulu ba. A dama shi a bokitin ruwa tukuna, a zuba yana wanke bango, a motsa da guga, a rufe ta kwana. Washegari a yi ta kwashewa ana zubarwa nesa har warin ya kusa ɓacewa. Wannan ruwan na farko ba na sha ba ne, ko akuya kar a ba. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, yana tayar da hayaƙi mai guba. Masu zuba kananzir ko Izal ko gishiri kuma, ɓata rijiya suke a banza. Alif yana kwantar da laka, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Rijiyar da ta fara rufta wani babi ne. A ƙasar marmara, irin ta Kano da Zariya, bango kan riƙe kansa shekaru. A ƙasar rairayi, irin ta sassan Jigawa da Yobe da Borno, ruwa na cin gindi ta yi kogo a ƙasa, sama na nan kamar lafiya. Alamunta ba su ɓuya: ƙarar faɗuwar ƙasa da dare, ruwa ya yi ja ba a yi ruwan sama ba, daɓen baki ya tsage ko ya karkata. Da an ga haka a kewaye wurin, a hana yara da masu ɗiba tsayawa a baki, a kau da duro da duk wani nauyi. Kada a ce za a shiga a tokare ta cikin damina. Maganinta zoben siminti ne da ake saukewa ɗaya kan ɗaya, kuma lokacinsa bazara ne, sa'ad da ruwa ya ja baya. Idan ta burma har tana barazana ga katanga ko ɗaki, a haƙura a cike ta da ƙasa. Kar dai a mai da ita juji ko salga, don jijiyar ruwanta ɗaya da ta maƙwabta.

Wata rijiyar kuma ko an wanke ta sau goma komawa take, saboda salga na kusa. Masana tsaftar ruwa suna ba da shawarar tazarar mita 30, abin da gidajenmu na cikin birni ba su da filinsa. Irin wannan a bar ta ga wanki da shara, na sha a tafasa ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin WaterGuard.

Dattijon nan bai bar gidanmu ba sai da ya sa aka ɗaga bakin rijiyar ya kai ƙugu, aka yi daɓe mai gangare zuwa kwata, aka ɗora murfin ƙarfe da kwaɗo. Ya kafa ƙusa a jikin katanga, ya rataye guga da igiyarsa, ya dubi kakarmu ya ce, "Hajiya, kar in sake ganin sa a ƙasa, can kaji ke yawo." Ladan aikinsa da kuɗin siminti, mai zakara ne ya biya rabi.