Kaka a Ƙasar Japan: Abin da Baƙo Ke Gani da Dalilansa

A kowace shekara, cikin watan Oktoba, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, har da Nijeriya, sukan sauka a Japan domin ƙaro ilimi da tallafin gwamnatin ƙasar. Saukarsu takan dace da tsakiyar kaka, wadda Japanawa ke kira "aki", wato daga Satumba zuwa Nuwamba. Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa ya saba da cewa ruwan sama ne ke yanke lokutan shekara. A Japan kuwa, tsawon yini da sanyin iska su ne ke jan ragama, kuma baƙon da bai gane haka da wuri ba zai sha wahala a jikinsa.

Rana mai saurin faɗuwa

Abu na farko da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne duhu. A ƙarshen Satumba rana takan faɗi a Tokyo wajen ƙarfe biyar da rabi, amma a ƙarshen Nuwamba ƙarfe huɗu da rabi ta riga ta ɓace. Baƙo Musulmi sai ya ga Magariba ta same shi yana cikin aji. Dalili kuwa shi ne, duniya a karkace take da digiri 23 da rabi yayin da take zagaya rana. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka yininta mafi gajarta bai gaza awa 11 ba. Tokyo kuwa tana kusa da digiri 36, don haka yininta yakan ragu zuwa awa 9 da minti 45 a Disamba. Ranar 22 ko 23 ga Satumba, da dare da yini suke daidaita, ranar hutu ce a duk ƙasar tun 1948, kuma a makon ne iyalai ke ziyartar kaburburan magabatansu.

Guguwar teku

Farkon kaka lokacin guguwar "taifu" ne. Tana tasowa ne a kan tekun Pasifik inda zafin ruwa ya kai digiri 26 ko fiye. Tururi yana tashi sama, ya daskare ya zama gajimare, ya saki zafin da ke ƙara wa iskar ƙarfi. Kimanin guda 25 ke tasowa a shekara, wajen uku daga ciki su afka wa manyan tsibiran ƙasar. Wadda ta faɗa wa yankin Nagoya a Satumbar 1959 ta yi sanadin mutuwa ko ɓacewar mutum fiye da 5,000. Shi ya sa baƙo zai ga maƙwabta suna shigar da tukwanen furanni da sandunan shanya cikin ɗaki, suna tanadin ruwa da tocila, tun sama tana garau. Wajibi ne shi ma ya san makarantar unguwa ko zauren da aka keɓe domin mafaka.

Me ke sauya launin ganye?

Bayan guguwa sai itatuwa su ɗauki ado. Korayen ganye suna ɗauke da sinadarin kulorofil, wanda da shi itace ke haɗa abincinsa daga hasken rana. Idan yini ya gajarta, sanyin dare kuma ya sauka ƙasa da digiri 8, sai itacen ya warware sinadarin, ya janye abin amfanin da ke cikinsa zuwa rassa. Nan take launin rawaya da kore ya lulluɓe tun farko sai ya bayyana, kamar yadda ake gani a itacen "icho". Jan launin itacen "momiji" kuwa sabo ne, ganyen ne ke haɗa shi daga sukarin da ya taru a cikinsa. Kuka tana zubar da ganye ne saboda ƙarancin ruwa, waɗannan kuwa domin kaucewa ƙanƙarar hunturu.

Sauyin yakan fara a duwatsun Hokkaido, can arewa, a tsakiyar Satumba, ya gangaro kudu har ya iso Kyoto da Tokyo a ƙarshen Nuwamba. Abokan karatu sukan gayyaci baƙo fita kallon ganye, kuma sau da yawa a nan abota ke ƙulluwa. Hukumar yanayi ta ƙasar tana rubuta ranakun wannan sauyi tun 1953, kuma bayananta sun nuna cewa jan ganyen yana jinkiri da kusan kwana 3 a kowace shekara 10, alamar ɗumamar duniya.

Abincin kaka

A kasuwa baƙo zai tarar da sabuwar shinkafa, da kifin "sanma" da ake gasawa da gishiri, da wani ɗan itace mai launin ruwan lemo da ake kira "kaki". Idan ya yanka shi ya dubi ƙwallonsa, zai tuna gida, domin kaki da kanya dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Da yamma kuma akan ji mai ƙaramar mota yana tallar gasasshen dankali, irin wanda ake kira dankalin Hausa, amma zaƙinsa kamar zuma. Sirrin yana cikin gashin: a kan duwatsu masu zafi ake gasa shi sannu a hankali, sai wani sinadari da ke cikinsa ya sami lokacin mayar da sitaci sukari yayin da zafin cikin ya kai wajen digiri 70.

Sutura da ɗumin ɗaki

Bahaushe ya ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Ranar 1 ga Oktoba makarantu da yawa sukan koma kayan sanyi masu duhun launi, kuma baƙo ya kamata ya bi sahu, domin matsakaicin zafin Tokyo yakan sauko daga digiri 23 a Satumba zuwa 18 a Oktoba, sannan wajen 12 a Nuwamba. Yawancin gidaje ba a ɗumama su gaba ɗaya. Iyali sukan zauna ne kewaye da "kotatsu", wato gajeren tebur mai na'urar ɗumi a ƙarƙashinsa, an lulluɓe shi da bargo. Wasu kuma suna kunna na'urar ɗumi ta kananzir. A nan akwai haɗari, domin wuta a rufaffen ɗaki tana fitar da iskar kabon monoksaid marar launi marar wari, irin wadda janareta ko garwashin gawayi ke fitarwa. Dole ne a riƙa buɗe taga lokaci-lokaci, kuma a kashe wutar kafin barci.

Ranar 23 ga Nuwamba ake hutun godiya ga ma'aikata, wanda ya samo asali daga tsohon bikin sabon amfanin gona. Daga nan sai hunturu. Malamai na iya kawo wannan darasi cikin aji ta hanyar sa ɗalibai su riƙa rubuta lokacin faɗuwar rana a garinsu kowace Juma'a, daga Satumba zuwa Disamba, sannan su gwada abin da suka samu da alƙaluman Tokyo.