Sandar Mai Ɗaukar Hoto

Ranar Hawan Daushe a Kano, mutane sukan cika ƙofar fadar Sarki maƙil. Dawaki suna sukuwa, ana busa algaita, ƙura ta turnuƙe. Cikin taron nan akan ga waɗansu masu ɗaukar hoto, kowa ya kafa doguwar sanda a ƙasa, ya ɗora kyamararsa a kanta. Wanda bai sani ba sai ya ce gajiya ce ta sa su dogara sanda. Alhali kuwa sandar nan kayan aiki ce.

Ga dalilinta. In za a ɗauki hoto, wani ɗan ƙyaure da ke cikin kyamara yakan buɗe, haske ya shiga, sa'an nan ya rufe kafin ƙiftawar ido. In hannu ya yi rawa a wannan lokaci, sai hoton ya fito dishi-dishi. Dogon gilashin da ke jawo abin da ke nesa kuwa, yadda yake ƙara girman doki haka yake ƙara girman rawar hannu. Ga shi da nauyi, har wani yakan kai kilo 3. Kowane ƙato ya wuni ɗauke da shi, lalle hannunsa ya yi sanyi.

Tukunya ba ta zama bisa dutse ɗaya ko biyu, sai uku. Saboda haka aka yi wa kyamara mazauni mai ƙafa uku. Amma cikin cunkoso ba wurin baza ƙafafu uku, kafin a gama kafa su ma doki ya wuce. Shi ya sa aka yi sanda mai ƙafa ɗaya. Mai hoto yakan buɗe ƙafafunsa biyu, ya kafa sandar a gabansa, ƙafafu sun zama uku ke nan, kamar duwatsun murhu.

Sanda takan tsufa. Wata ta lanƙwashe, wata ta riƙa zamewa. In haka ta faru, mai hankali ba ya jira sai ta ka da kyamara, gama kuɗin kyamara ya ninka na sanda sau da yawa, kuma da ita yake ci da iyalinsa. Sai ya nemi sabuwa, ya duba abu biyar.

Na farko, nauyin da za ta iya ɗauka. Masu ƙera ta sukan rubuta shi a jikinta ko a kwalinta. Sai ya auna kyamararsa da gilashinta mafi girma, ya zaɓi wadda ƙarfinta ya wuce wannan sosai. In kayansa kilo 4 ne, gara mai ɗaukar kilo 8.

Na biyu, abin da aka yi ta da shi. Akwai ta alminiyam, irin ƙarfen da ake tukwane da shi. Tana da sauƙin kuɗi, amma ta fi nauyi, takan kuma yi zafi a rana. Akwai ta zaren kabon, watau wani zare mai ƙarfi da ake haɗawa da danƙo ya daskare. Wannan ba ta da nauyi, sai dai tsada. In aka buge su da ƙarfi, ta alminiyam takan loɓa, ta zaren kabon kuwa tana iya tsagewa.

Na uku, yawan gaɓoɓinta. Sandar gaɓa-gaɓa ce kamar rake, sai dai kowace gaɓa bututu ce da ke shigewa cikin 'yar'uwarta. Yawanci gaɓoɓin daga 3 ne zuwa 5. Mai gaɓa biyar ta fi gajarta in an naɗe ta, ta fi daɗin sawa a jaka, amma gaɓarta ta ƙasa siririya ce, tana iya rawa. Mai neman ƙwari ya ɗauki mai gaɓa uku ko huɗu masu kauri.

Na huɗu, maɗauran gaɓoɓin. Waɗansu murɗawa ake yi, waɗansu dannawa. A nan sanda ta fi lalacewa. Kafin ya biya, sai ya miƙe ta duka, ya ɗaure, ya danna ta ƙasa da ƙarfi. In ta zame ko kaɗan, ya ajiye ta, kome araharta. Araha ba ta ado.

Na biyar, tsawonta da kanta da gindinta. Ya kamata ta kai kyamara daidai idonsa ba sai ya sunkuya ba. A kanta akwai ƙusa mai barima da ke shiga gindin kyamara. Iri biyu ce: mai kaurin kwatan inci, da mai kaurin kashi 3 cikin 8 na inci. Lalle ya gwada ya ga ta shiga daidai. Gindinta kuma, na roba ya fi kama daɓe, mai tsini ya fi kama ƙasa.

Bayan saye sai kiyayewa. Ƙurar hunturu takan shiga maɗaurai ta cinye su, don haka a riƙa gogewa. Kada kuma a saki sanda da kyamara a kanta, gama ba ta tsayuwa ita kaɗai. Wanda ya zaɓa da kyau tun a kanti, ranar hawa hankalinsa kwance yake. Doki dai ba ya komawa ya sake sukuwa don mai hoto.

Tambayoyi

1. Me ke sa hoto ya fito dishi-dishi?
2. Ta yaya ƙafa ɗaya takan zama uku?
3. Don me mai gaɓa uku ta fi mai gaɓa biyar ƙwari?
4. Yaya ake gwada maɗauran sanda kafin a saya?